Transfermarkt a gardamar dawo da tsohon koci: inda yake raba gardama da inda yake ruɗar da mai dubawa

Da zarar ƙungiya ta yi rashin nasara sau uku a jere, sunan tsohon kocinta zai fara yawo a bakin magoya baya. Wasu su ce da tsohuwar zuma ake magani, wasu su ce wanda aka sallama jiya ba shi zai gyara yau ba. Kafin a je ko'ina sai wani ya ɗauko hoton shafin kocin daga Transfermarkt ya ce ga hujja. Shafin ya cancanci a dogara da shi a wannan gardama, amma ba ta hanyar da yawancin mutane ke amfani da shi ba.

Transfermarkt shafin intanet ne na Jamus mai tattara alƙaluman ƙwallon ƙafa. Matthias Seidel ya kafa shi a 2000, hedikwatarsa na Hamburg, kuma kamfanin Axel Springer ya sayi kaso mafi rinjaye a 2008. Kyauta ne, da talla yake ci. An fi saninsa da ƙiyasta darajar 'yan wasa, sai dai ɓangaren masu horarwa ya fi wancan amfani ga mai son sanin gaskiya. Ka rubuta sunan kocin a gurbin bincike, ka zaɓe shi daga rukunin masu horarwa, domin idan ya taɓa buga ƙwallo zai fito sau biyu, ɗaya a matsayin ɗan wasa. Shafinsa zai nuna shekarunsa, tsarin wasan da ya fi so, matsakaicin daɗewarsa a aiki, sannan jadawalin duk inda ya yi aiki: ranar kama aiki, ranar barinsa, yawan wasanni, da lambar da aka yi wa laƙabi da PPM, wato matsakaicin makin da yake samu a kowane wasa. Idan ya yi aiki a ƙungiya ɗaya sau biyu, kowane zango layinsa daban. Wannan rabuwar ita ce babbar kyautar shafin ga masu wannan muhawara, domin zangon farko da na biyu ga su nan ɗaya a kan ɗaya.

Matsalar tana farawa ne daga lambar PPM ɗin kanta. Lissafinta mai sauƙi ne: nasara maki 3, canjaras 1, a haɗa a raba da yawan wasanni. Sauƙin nan ne ke sa ta haɗiye labari gaba ɗaya. Ɗauki José Mourinho a Chelsea, a gasar Firimiya kaɗai. Zangonsa na farko, daga 2004 zuwa Satumbar 2007, maki 280 a wasa 120, wato 2.33. Ya dawo a 2013, ya samu maki 82 a kakar farko, 87 a ta biyu da ya ɗauki kofi, sai 15 kacal a wasa 16 kafin a sallame shi ranar 17 ga Disambar 2015. Jimilla maki 184 a wasa 92, wanda ya ba da 2.00 cif. Mai goyon bayan dawowa zai ce maki biyu a kowane wasa ai ba abin rainawa ba ne, kuma ya yi gaskiya. Amma a cikin wannan 2.00 akwai kakar da ƙungiyar ke samun ƙasa da maki ɗaya a wasa, ta sha kashi sau 9, tana ta 16 a teburi, maki ɗaya tsakaninta da 'yan dagaji. Duk wanda ya tsaya a jadawalin farko ba zai ga wannan ba. Sai ka latsa yawan wasannin, jerin su ya buɗe, ka tace kaka bayan kaka.

Abu na biyu da ya kamata a tace shi ne gasa. Lambar da ke shafin farko ta haɗa wasannin lig da na kofuna, kuma wasan kofi da ƙaramar ƙungiya nauyinsa ɗaya da wasan hamayya a lissafin. David Moyes misali ne mai kyau. Ya riƙe West Ham daga Nuwambar 2017 zuwa ƙarshen kakar, ba a sabunta masa ba, aka sake kiransa a Disambar 2019. Ya kai su na 6 a 2021, na 7 a 2022, sannan ya ci kofin Conference League a 2023 bayan doke Fiorentina 2-1 a Prague. A wannan gasa, daga matakin rukuni zuwa wasan ƙarshe, wasa 13 suka buga, suka ci 12, canjaras ɗaya. A lig kuwa a kakar nan maki 40 suka tara a wasa 38, suka ƙare na 14. Haɗa biyun ka samu lamba mai kyan gani wadda ba ta kwatanta ko ɗaya daga cikinsu ba. Ba wai kofin ba shi da daraja ba ne, ai shi ne babban kofin ƙungiyar na farko tun 1980. Amma idan tambayar ita ce wa zai fitar da mu daga ƙasan teburi, to alƙaluman lig kaɗai za a duba.

Akwai kuma ƙarancin wasanni. Frank Lampard ya dawo Chelsea riƙon ƙwarya a Afrilun 2023, wasa 11, nasara ɗaya, canjaras biyu, rashin nasara takwas. Lambarsa 0.45. Mummuna ce, ba musu. Sai dai biyu daga cikin wasannin da Real Madrid ne a Gasar Zakarun Turai, kuma ya karɓi ƙungiyar da ta riga ta sauya koci sau biyu a kaka ɗaya. Shafin yana rubuta cewa riƙon ƙwarya ne, amma yana ba lambar girman rubutu ɗaya da ta wanda ya yi wasa 200. Duk zangon da bai kai rabin kaka ba, kada a gina hukunci a kansa.

Inda Transfermarkt ya fi kowane shafi na kyauta shi ne tawagar 'yan wasa ta kowace kaka. Ka shiga shafin ƙungiyar, ka zaɓi shekarar, za ka ga duk wanda ke cikinta da shekarunsa a lokacin. Nan ne ainihin amsar take, domin abin da magoya baya ke kewa sau da yawa ba kocin ba ne shi kaɗai, har da mutanen da ya yi aiki da su. Hanyar ita ce ka buɗe tawagar kakar da ya fi haskakawa a gefe ɗaya, ta yanzu a ɗaya gefen, ka ƙirga mutum nawa daga cikin sha ɗayan farko suka rage, kuma shekarunsu nawa yanzu.

Gwada wannan da Jupp Heynckes. Bayern Munich ta sallami Carlo Ancelotti a Satumbar 2017, ta kira Heynckes daga ritaya yana da shekara 72, ya kuma ɗauki Bundesliga. Duba tawagar: Müller, Robben, Ribéry, Alaba, Boateng da Javi Martínez duk suna nan daga waɗanda suka ci kofi uku tare da shi a 2013. Bai zo koya wa kowa sabon abu ba, gida ya dawo ya tarar da mutanensa. Sai ka gwada da Kenny Dalglish, wanda ya bar Liverpool a Fabrairun 1991 ya dawo a Janairun 2011. Shekara ashirin, babu ɗan wasa ko ɗaya da ya rage, masu ƙungiyar ma sun sauya. Ya ci kofin League Cup a 2012, ya ƙare na 8 da maki 52, aka sallame shi a watan Mayu. Sunan mutum ɗaya ne a layuka biyun, aikin kuwa daban.

Zinedine Zidane ya faɗa tsakiya, kuma shi ne ya fi ban sha'awa. Ya tafi a Mayun 2018 bayan Kofin Zakarun Turai uku a jere, Cristiano Ronaldo ya koma Juventus a Yuli, shi kuma ya dawo a Maris ɗin 2019. Ramos, Modrić, Kroos, Casemiro da Benzema suna nan, mai zura ƙwallayen ne babu. A 2017 Real Madrid ta ci La Liga da maki 93 da ƙwallo 106. A 2020 ta sake ci da maki 87, ƙwallo 70 kawai, amma 25 aka zura mata. Koci ɗaya, kofi iri ɗaya, hanya biyu. Wannan shi ne irin abin da ya kamata mai goyon bayan dawowa ya nemo: shaidar cewa mutumin na iya cin nasara ba tare da makamin da ya dogara da shi a da ba. Massimiliano Allegri, da ya ci Serie A sau biyar a jere da Juventus daga 2015 zuwa 2019, bai nuna hakan ba da ya dawo a 2021. Na 4, na 7, na 3, sai Coppa Italia a 2024, aka kuma sallame shi kwana biyu bayan wasan ƙarshen. A nan ma akwai tarko: na 7 ɗin ya biyo bayan cire wa ƙungiyar maki 10 kan harkar kuɗi. Teburin yana nuna 62, a fili kuwa 72 suka samu. Wanda ya ɗauki matsayi a teburi bai karanta ƙaramin bayanin da ke ƙasa ba zai ɗora wa koci laifin ofis.

Sai darajar 'yan wasa, wadda ita ce ake yawan kafa hujja da ita a ce ai an ba shi tawagar miliyan kaza ya kasa. A san cewa waɗannan lambobi ba farashin ciniki ba ne, kuma ba na'ura ce ke fitar da su ba. Masu amfani da shafin ne ke tattaunawa, masu kula da kowace gasa su yanke. Suna da amfani wajen kwatanta ƙungiyoyi a kaka ɗaya, misali a ce tawagarsa ita ce ta biyar a tsada amma ya ƙare na biyu. Ba su da amfani wajen kwatanta 2013 da yau, saboda farashin kasuwar ya ninka. Matsayin tawagar a tsakanin takwarorinta za a duba, ba yawan kuɗin ba. Haka jerin 'yan wasan da aka saya a zamanin koci: shafin yana jingina su gare shi ko da daraktan wasanni ne ya yi cinikin, kuma kuɗin da aka rubuta sau da yawa abin da jaridu suka ruwaito ne. Albashi kuwa, wanda ya fi kuɗin saye nuna ƙarfin ƙungiya, ba ya cikin shafin.

Ga masu tono tarihi mai nisa, a tuna cewa maki 3 kan nasara ya fara a Ingila a 1981, a Italiya 1994, a Sifaniya da Jamus 1995. Mai kwatanta Arrigo Sacchi na Milan ta ƙarshen shekarun 1980 da Sacchin da ya dawo a kakar 1996/97 ya ƙare na 11, ya ɗauki yawan nasara da canjaras ya yi lissafin da kansa da ma'auni ɗaya. Makin da ke tsohon teburi ba zai yi daidai da na sabo ba.

Babban giɓin shafin shi ne ba ya faɗin yadda ƙungiya ke wasa. Tsarin da ya rubuta, 4-3-3 ko 4-2-3-1, jeri ne a takarda, kuma koci biyu na iya amfani da jeri ɗaya, ɗaya yana matsa wa abokan hamayya tun daga gidansu, ɗaya yana jira a baya. Babu ma'aunin ingancin damarmaki da ake kira xG, wanda ke nuna ko nasarorin sun zo ne da kyan wasa ko da sa'a da ƙoƙarin mai tsaron raga. Don wannan sai a haɗa da shafin Understat, mai ɗauke da manyan gasannin Turai biyar da ta Rasha tun daga kakar 2014/15. Duk zangon da ya gabaci wannan shekara, sai dai a koma kallon wasannin.

Ba ya kuma faɗin dalilin rabuwa, alhali rabin gardamar a nan take. Kevin Keegan ya dawo Newcastle a Janairun 2008 cikin murnar magoya baya, ya tafi a Satumba. A shafin, ranar kama aiki da ranar barinsa ne kawai da lamba ɗaya. Abin da ya faru shi ne rikici da shugabannin ƙungiyar kan wanda ke da ikon sayen 'yan wasa, har kwamitin sasanci ya yanke a 2009 cewa tilasta masa barin aiki aka yi, aka ba shi diyyar fam miliyan 2. Idan mutanen da koci ya yi faɗa da su har yanzu su ke riƙe da ƙungiyar, babu PPM ɗin da zai hana a maimaita. Shafin zai taimaka da abu ɗaya a nan: yana da tarihin ma'aikatan ƙungiya, har da shugabanni da daraktocin wasanni, don haka za ka iya ganin ko wanda ke kujerar a lokacin rabuwar shi ne a kai yanzu. Sauran bayanin sai a nemo shi a rahotannin lokacin.

Ta fuskar amfani, shafin ya fi daɗi a kwamfuta, saboda jadawalinsa masu faɗi ne kuma aikin na buƙatar buɗe shafi biyu gefe da gefe. A waya, tallace-tallace na rufe rabin fuska, suna cin data, kuma wasu ginshiƙan jadawalin kan ɓuya sai an buɗe cikakken bayani. Babu shi da Hausa, amma yawancinsa lambobi ne da tambarin ƙungiyoyi, wanda ya saba da teburin gasa ba zai sha wahala ba. Bayanan manyan gasannin Turai cikakku ne har zuwa shekaru da dama baya. A ƙananan gasanni, inda masu sa-kai ke shigar da bayanai, akan samu zangon koci da babu yawan wasanni ko aka rubuta farkon kaka a madadin ainihin ranar kama aiki, don haka a can sai an gwada kwanan watan da sanarwar ƙungiyar kafin a kafa hujja da shi.