Mikroskop ɗin da na sayo ma ɗiyata, bayan wata uku muna aiki da shi

Salamu alaikum jama'a. Mutum biyu ke nan suna tambayata ko ƙaramin mikroskop ɗin nan na 'yan lakwal, na'urar da ke ƙara girman abin da ido ba ya gani, ya ci kuɗinshi, to gara in faɗa a fili kowa ya ji. Ɗiyata tana segond a lise, SVT, darasin kimiyyar halittu da ƙasa, ta fi so kuma burinta ta yi seri D. Abin da ya dame ni, kayenta cike yake da zanen selil, wato ƙwayar halitta, ga nuwayo cibiyar selil, ga mambaran fatar da ta kewaye shi, ga sitoplasm ruwan cikinshi, duk ta haddace, amma ran da na ce mata kin taɓa ganin selil ɗin da idonki sai ta ce a'a Baba, a tablo kawai mushe ke zana muna. Kuma ban ga laifin mushe ba, yara sun yi yawa kayan aiki kaɗan.

Wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano na ba sautu, jikka 22 na biya. Yana da 'yar fitila a ƙasa mai aiki da pil, ko an ɗauke wuta ba ruwanka. Gilashin da ake sa ido sau 10 yake ƙara girma, na ƙasa guda uku sau 4 da 10 da 40, in ka ninka ka samu 40 da 100 da 400.

Da albasa muka fara, ja irin ta Galmi. Ka ɓare 'yar fatar nan siririya mai launi ta bayan ɓawon, ka shimfiɗa bisa gilashi da ɗigon ruwa ka rufe. Wallahi a 100 abin ya fito tsaf, selil jere kamar tubalin gini kowanne da katangarshi, cikinsu ja-ja. Yarinyar ta yi shiru ta daɗe ba ta ɗaga kai ba. Sai ta ce bari ta gwada abin da aka koya masu kan osmoz, ta jiƙa gishiri ta ɗiga a gefe, cikin 'yan mintuna muna kallo jan nan ya tsuke ya janye daga katanga ya koma tsakiya, ita katangar tana nan ba ta motsa ba. Ruwa ne ya fita daga cikin selil ya bi wajen da gishiri ya fi yawa. Da ta sa ruwa mai kyau sai ya sake kumbura ya cika wurinshi. Nan ta juyo ta ce Baba ashe shi ya sa in Inna ta barbaɗa gishiri a yankakken tumatir yake fidda ruwa, kuma shi ya sa naman da aka sa ma gishiri ba ya saurin lalacewa tunda ƙwayoyin cutar ma ruwan jikinsu ke tsiyayewa. Ni dai wannan maganar kaɗai ta biya ni jikka 22 ɗina.

Ta kuma tambaya don mi babu kore a ciki alhali tsiro ne, da kanta ta gano amsar, kan albasa cikin ƙasa yake ba ya ganin rana, kloroplast masu sa tsiro ya yi kore a ganye suke inda ake haɗa abinci da hasken rana da ruwa da iskar kabon.

Mun kankaro cikin kumatu da tsinken sakace mai tsabta, da ɗigon shuɗin magani da mushensu ya sam mata, selil ɗin mutum ba shi da katanga, ya fito kamar ƙwai soyayye da nuwayo a tsakiya. Da damina kuma muka ɗebo ruwan tabki nan bakin gulbi, ɗigo ɗaya tak amma ga abubuwa suna iyo suna juyi. Irinsu wani masani Leeuwenhoek ya fara gani a Holan a 1674 da gilashin da ya goge da hannunshi, kafin shi Robert Hooke a Ingila ya ga ramukan ɓawon itace a 1665 ya raɗa masu sunan selil. Tun ranar ƙannenta suka bar shan ruwan da ba a tace ba, ba wanda ya yi masu faɗa.

Yanzu inda bai gamsar da ni ba. A jikin kwali an rubuta 1200, wannan ba gaskiya ba ce, akwai wani ƙarin gilashi da ke ƙara girma amma hoton sai ya zama hazo. Ko a 400 ɗin ma sai ka yi haƙuri, abin murɗawa na roba ne ka ɗan taɓa hoton ya gudu. Gilasan shimfiɗa biyar kawai suka zo, biyu sun fashe a hanya. Takardar bayani babu Faransanci ko kaɗan. Ga ƙura, in ba ka rufe shi da leda ba lokacin hunturu duk abin da za ka gani ɗige-ɗigen ƙasa ne.

Kuma don Allah kar wani ya saya da niyyar duba jini a gida. Wani maƙwabcina ya ce ko za a duba mashi yaro mai zazzaɓi, na ce a'a ya kai shi likita yanzu. Ƙwayar zazzaɓin sauro sai an rina jinin an duba a 1000 da wani mai na musamman, kuma sai wanda ya koyi aikin. Birus kuwa irin wannan mikroskop na haske ba ya nuna su sam.

Mai yaro daga turwaziyam zuwa sama in yana da hali ya saya, ko gida uku su haɗa kuɗi su riƙa karɓa-karɓa, amma ka sa a ranka 40 da 100 ka saya. Ka ce ma mai kawo maka ya haɗo da kwalin gilasan shimfiɗa daban, mu har yanzu da ukun da suka rage muke wankewa muna maimaitawa.