Na bi zagayen bayan fage na sabon rola kosta, har na karasa na hau

Bari in fara da tona wa kaina asiri, ni matsoraci ne a harkar lilo, ko na yara na tsaya ina kallo sai in ji kaina na juyawa. Don haka da kanina ya ce ya yankar mana tikitin nan na musamman da ake zagayawa da mutum a nuna masa yadda aka hada sabon rola kosta na wani wurin shakatawa, wato jirgin lilon nan mai gudu a kan layin karfe yana hawa yana gangara, a karshe kuma a hau, ce masa nayi zagaye zan bi amma hawa sai dai ya hau shi kadai. Ya ce to Yaya mu je dai tukunna. Ba zan fadi sunan wurin ba don akwai korafin da zan yi a kasa.

Da sassafe aka tara mu kafin a bude wa jama'a kofa, aka raba mana hular kwano, wata budurwa ta ja mu tana zuba bayani kamar hadda, har na fara cewa a raina an ci kudinmu. Sai da muka shiga garejin da ake kwantar da taragun tukunna abin ya canza, nan muka tarar da wani dattijon makanike, hannunsa duk giris, an dage tarago daya sama yana karkashinsa. Wallahi wannan bawan Allah shi kadai ya biya kudin tikitin.

Ya ce kowa ya sunkuya ya kalli taya. Ni da tunanina taya ce kawai a saman karfe kamar ta jirgin kasa, ashe kashi uku ne. Akwai na sama masu daukar nauyi, akwai na gefe masu hana shi zamewa hagu ko dama, sai kuma na kasa da suka rike karfen ta ciki, wato layin dogon a tsakiyar tayoyi yake kamar an damke shi da hannu, ko an kife jirgin ba inda zai je. Wannan dabarar ta tayar kasa ba sabuwa ba ce, wani Ba'amurke John Miller ne ya yi mata rajista tun 1919. Ya miko mana tsohuwar taya muka taba, karfe ne a ciki an nade shi da roba mai tauri, ya ce mai dan laushi ta fi dadin tafiya amma tana cin gudu, ta nailan kuma ta fi gudu amma za ka ji ta a kashin bayanka, shi ya sa suke cakudawa gwargwadon yanayi. Har ya ce da safe in da sanyi jirgin kan yi nawa saboda giris ya daskare, sai an sake shi ba kowa ya yi zagaye da yawa kafin ya ware.

Abin da ya fi tsaya min a rai karami ne. Kowane noti na jikin taragon an ja masa layin fenti daga kansa zuwa jikin karfen da aka daure shi. Na tambaya ko ado ne, yayi dariya ya ce bayan an daure noti daidai karfin da aka kayyade sai a ja layin, in ka zo da safe ka ga layin ya rabu biyu to notin ya motsa ko da kadan ne. Da ido kawai. Na tsaya ina bin su daya bayan daya kamar ni aka dauka aikin.

Daga nan aka fita da mu gindin ginshikan, a nan aka yi maganar kerawa da jigila. Ashe wuraren shakatawa ba su ke kera abin ba, odarsa suke yi, kuma kamfanonin da suka iya ba su da yawa a duniya. Akwai Intamin, akwai Bolliger & Mabillard na garin Monthey a Suwizalan, Vekoma a Holan, Mack Rides da Gerstlauer a Jamus, sai Rocky Mountain Construction a jihar Idaho ta Amurka. Su Mack ma labarinsu ya burge ni, sana'ar gado ce tun 1780, kuma a 1975 suka bude wurin shakatawarsu Europa-Park, mai son saya sai ya je ya hau kayan da kansa ya gani. Ba kuma lallai inda ofishin zane yake nan ake walda ba, misali yawancin layukan Bolliger & Mabillard da ke Amurka a wata masana'anta a jihar Ohio ake kera su.

Layin kansa bututun karfe ne, inji ke lankwasa shi daidai lissafin kwamfuta, a hada da walda, a duba waldar da na'ura ko akwai tsagar da ido ba ya gani, a yi fenti. Bututun nan shi ya ba da damar murde-murden da muke gani yau, kuma an fara amfani da shi a wani rola kosta mai suna Matterhorn Bobsleds na wurin shakatawar Disneyland a 1959. To ga inda na rike baki, wannan katon abu da ya tokare sama gunduwa-gunduwa yake zuwa, tun wurin zane ake raba shi yadda zai shiga kwantena, wadda babbar da aka saba amfani da ita kafa 40 ce, kusan mita 12, wanda ya ki shiga kuma a sa shi a mara rufi ko a daure a bayan tirela. Jirgin ruwa ya kawo, tirela ta kwaso daga tasha, a jibge a fili kowane yanki da lambarsa. Budurwar ta nuna mana lambar a jikin wani ginshiki, tana nan ba a goge ba. Kuma lokacin da ake can ana walda a wata nahiyar, a nan ana zuba kankaren fandisho da rodi da dogayen kusoshin da ginshikin zai zauna a kai, mutanen nan ba su ga juna ba amma dole ranar da kiren ya dago karfen ramukansa su fada daidai kan kusoshin. In aka yi kuskuren awo, to sai fasa kankare. Wasu wuraren har yashi ake durawa cikin karfen don rage rugugi saboda makwabta.

Bangaren zane budurwar ta so ta wuce da sauri, dattijon ne ya sake ceto mu don ya biyo mu da kofin shayinsa a hannu. Ya ce masu zanen yanzu ba da siffa suke farawa ba, da jikin mutum suke farawa, wane nauyi zai danne ka a wannan dakika, a ina za ka ji kamar ka tashi daga kujera, sannan kwamfuta ta fitar da lankwasar da za ta ba da hakan. Ya ambaci wani injiniyan Jamus Werner Stengel wanda ya shahara da dabarar a rika juya layin a kewayen kirjin mai hawa, don kada kai ya rika bugun gefe. Kuma ku lura da da'irar nan da ake kifewa, ba zagayayya ba ce sosai, ta fi kama da digon ruwa a juye, fadi a kasa matsattse a sama. An taba yin zagayayya a Coney Island da ke birnin New York a 1895, wuyan mutane ya ji jiki. Irin ta yanzu ta fito a wani rola kosta mai suna Revolution na wurin shakatawar Magic Mountain a 1976. Sai wurin da layin ke ratsawa karkashin wani karfe har kowa ke sunkuyar da kai, wannan ma da gangan ne, kafin a bude sai an ja wani firam mai fadin iyakar inda hannun dogon mutum zai kai a bi layin kaf a tabbatar bai taba komai ba. Wato har tsoron auna shi aka yi da tef. Bayan nan a cika kujerun da mutum-mutumin roba masu ruwa a ciki kamar jarkoki a yi ta sakin jirgin, masu bincike na waje su zo su sa hannu.

Yanzu korafi. An rubuta cewa za a hau matakalar gefen tudun farko, sai da muka je gindinta aka ce an fasa saboda iska, na yarda da dalilin amma iskar nan tun safe take, me ya hana a fada mana a kofa? Dakin sarrafawa kuma ta gilashi muka leka, ko minti biyar ba a yi ba, alhali nan ne ake ganin yadda aka yanka layin kashi-kashi, kwamfuta ba ta barin jirgi ya shiga wani kashi sai na gabansa ya fita. An hana daukar hoto a gareji, amma shagon tsaraba aka bar mu muka fi minti ashirin. Saboda haka tauraro hudu na ba su cikin biyar, uku daga ciki na dattijon ne.

Hawa kuwa na hau, kanina ya ja ni kujerar karshe wai ta fi dadi, ban san nan ne ake fizgar mutum a kan tudu ba. Muna hawa ina jin kas-kas-kas din nan ina gaya wa kaina ai wannan harshen karfe ne da ke hana jirgi komawa baya in sarka ta tsinke, na sani, an nuna min dazu. Muna kaiwa kololuwa duk karatun ya gudu. Salati kawai nake da karfi, wurin karfen nan da na san an auna na sunkuyar da kai har gwiwa. Birkin karshe ne ya ba ni mamaki, ba kara ba gurza, sai ka ji kamar an rike jirgin a cikin ruwa, maganadisu ne da farantin karfe ke ratsa tsakaninsu ba tare da sun taba juna ba, ko an dauke wuta yana aiki. Da muka sauka kafafuna na rawa na sunkuya na leka notin da ke karkashin kujerata, layin fentin yana nan a mike. Kanina kuma ya je ya sayi hoton da kyamarar wurin ta dauke mu a gangara, bakina a bude ido a rufe, har yau ya ki ba ni shi.