Wata takwas da Proxmox a masana'antar casar shinkafa

Ni ke kula da kwamfutocin wata masana'antar casar shinkafa a Birnin Kebbi. A da, manhajar sikelin auna motoci da ta biyan manoma duk a kan saba ɗaya suke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da manhajoji da bayanai. Ranar da ta ƙone ana tsakiyar kaka, motocin shanshera daga Argungu da Suru suka yi layi har bakin titi, muna rubuta nauyi da biro. Alhaji ya kira ni ofis ya ce, "Malam, don Allah kar a sake."

Shi ya sa na koma Proxmox VE, manhajar da ke haɗa sabobi su yi aiki tare. Wani kamfani a Ostiriya ke yin ta tun 2008, a kan Debian aka gina ta, kuma kyauta ce sai in kana son tallafinsu. Kowace manhaja na ba ta tata kwamfutar cikin kwamfuta, wato VM, ta yadda in saba ɗaya ta mutu, 'yar'uwarta za ta tashe su.

Da farko saba biyu na haɗa, a zatona sun isa. Na zare wayar sadarwar ɗaya don gwaji, sai ga duka biyun sun sake kunna kansu, babu wadda ta ɗauki aikin. Kuskurena ne. Tsarin da ƙuri'a yake tafiya: kowace saba tana da ƙuri'a ɗaya, sai ɓangaren da ya haura rabi ke da ikon ci gaba, ɗaya cikin biyu kuwa ba rinjaye ba ne. Wadda ta rasa rinjaye takan kashe kanta ta sake kunnawa bayan kamar daƙiƙa 60, don kada saba biyu su riƙa rubutu a littafin kuɗi ɗaya. Da na fahimci dalilin sai na ƙara ganin girman tsarin, don kuɗin manomi ne a ciki. Kuɗin saba ta uku bai samu ba, sai na ɗora QDevice, manhajar da ke ba da ƙuri'a ta uku, a kan 'yar ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi ta zama mai raba gardama.

Yanzu in na kashe saba ɗaya, cikin minti biyu zuwa uku manhajar sikeli ta dawo a ɗayar. Kwafar bayanai daga wannan saba zuwa waccan, wadda tsarin ajiya na ZFS ke yi, tana zuwa ne a kan kowane minti 15, na mayar da ita kowane minti ɗaya. Duk da haka awon mota ɗaya na iya salwanta, don haka yaron sikeli bai daina riƙe rasit na takarda ba.

Abin da Proxmox ba za ta yi maka ba shi ne wuta. A watan Afrilu, da zafi ya haura digiri 40, inbata ta tsaya, sabobin biyu suka mutu tare saboda a kanta duka suke. Na raba musu batir, na kai ɗaya ɗakin akanta.

Mai shago da kwamfuta ɗaya ba ya buƙatar Proxmox. Amma in tsayuwar awa ɗaya na nufin direbobi su kwana a ƙofarka, ka sa ta, ka fara da ƙuri'a uku.