Sidi 350 a kan giyar keke ta jabu, kuma da hannuna na tura

Jama'ar Aboabo da Asawase a Kumasi, akwai wani mai tallan kayan keke a Facebook, ku yi hankali da shi. Sidi 350 ya ci mini. 350! Ban da 40 na mai mashin da ya kawo kayan.

Giyar baya ce ta lalace (ta keke nake nufi, kada wani ya fassara ni), ƙarfen nan mai 'yan tayoyi biyu da ke ɗaga sarƙa daga wannan haƙori zuwa wancan. Na ga hoton giyar kamfanin Shimano, samfurin Altus, a shafinsa, wai na hannu ne daga Turai. Ni fa ba baƙon keke ba ne, shekara 12 ina gyara nawa a tsakar gida. Na tambaye shi lambar giyar, ya ce RD-M310, daidai da kekena mai giya 8. To wa zai yi zargi?

Saƙon muryar da ya turo mini ne ya ci ni. Sallama cikakkiya, har da gaida iyali, sannan ya ce, "Yaya, ni ma ɗan zango ne, in na cuce ka kada Allah ya bar ni." Tun jiya nake maimaita saƙon nan. Yaya. Kalma ɗaya, na tura 350.

Ran Asabar na kife keken a kan buhu, na ɗaure giyar da na saya da alanki mai lamba 5, na zura wayar da ke jan giya. Sukurori biyu ne a jiki, H da L. H yana tsayar da sarƙa a ƙaramin haƙori, L yana hana ta wuce babban ta faɗa cikin taya. Na sa sukudireba a L, sai juyawa yake kamar an sa shi cikin tuwo, ba ya kama komai. Sifirin ɗin ma lagwai-lagwai. A nan ya kamata in tsaya. Sai na ce ƙila waya ce ta saki, na yi ta murɗa abin daidaita ta kaɗan-kaɗan har azahar.

A'a, tun ran Alhamis ma ya kamata in tsaya. Da zan tura kuɗin, sunan mace ne ya fito a MoMo (asusun kuɗi na waya), ya ce layin matarsa ne. Kuma da kayan ya iso, sunan Shimano a takarda aka manna, na ɓanɓare da farce. Na gaske ana buga lambar a jikin ƙarfen ta baya. Na sani! Amma na riga na biya 350, zuciya ba ta son gani.

Na hau gwaji, na sa babban haƙori, ƙarau! Sarƙa cikin taya, wayoyin taya uku suka tsinke, ƙarfen da giyar ke rataye a kai ya lanƙwashe. A gaban mai shayi, yara na dariya.

Na kira, ya toshe ni. Na je Suame inda ya ce shagonsa yake, ba wanda ya san shi. Uwargida har yanzu 150 ta san na kashe.

Kada ku tura ko sisi sai kun riƙe kaya a hannu kun juya bayansa. Hotunan hirarmu da saƙon muryar suna nan, zan sa su da daddare in na yi caji.