LibreOffice, OnlyOffice ko WPS: wanne za ka sa a kwamfutarka ta Linux?

Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, mutane da yawa masu tsofaffin kwamfutoci suka koma Linux Mint ko Ubuntu. Da zarar an gama ɗora tsarin, tambayar farko ita ce da me za a buga takarda. Manhajoji uku ne ake yawan ambata, kuma abin da zai raba maka gardama shi ne mutanen da kake musayar takardu da su.

LibreOffice ta zo a cikin Linux Mint, ba sai ka kashe data ba. Ta samo asali ne daga OpenOffice a 2010, gidauniyar The Document Foundation ta Jamus ke kula da ita. Akwai Writer na rubutu, Calc na lissafi, Impress na gabatarwa, har da Draw na zane da Base na rumbun bayanai. Ga mai rubuta littafi ko kundin digiri, ban ga kamarta ba: babi-babi, jerin abubuwan ciki, bayanan ƙasan shafi, duk tana riƙe su da kyau, kuma tana aiki a kwamfuta mai RAM giga 4 ba tare da nishi ba. Inda take ba da ciwon kai shi ne takardar docx da aka ƙawata a Word. Ka buɗe ka tarar tebur ya goce, kan babin da ya kamata ya fara sabon shafi ya maƙale a ƙasan na baya.

Kafin ka ɗora mata laifi, duba salon haruffa, wato font. Sau da yawa an rubuta takardar ne da Calibri ko Cambria, su kuwa babu su a Linux, sai manhajar ta musanya da wani harafi mai faɗi daban, layuka su tarwatse. Ka saukar da Carlito da Caladea, waɗanda aka yi su daidai awon waɗancan biyun. Ƙanana ne, kuma suna gyara babban kaso na matsalar.

OnlyOffice kuma an gina ta ne kai tsaye a kan docx, xlsx da pptx, wato tsarin fayilolin Word, Excel da PowerPoint, shi ya sa takardun Word ke fitowa kusan yadda aka aiko su. Fuskarta ma ta yi kama da ta Word, wanda ya saba ba zai yi lalube ba. Mai shagon buga takardu da ɗalibai ke kawo wa aiki a filashi, ita zan ce ya sa. Sai dai ta fi cin RAM, kuma kayan aikinta ba su kai na LibreOffice yawa ba.

WPS ta kamfanin Kingsoft na China kyauta ce, amma lambobinta a rufe suke, ba mai iya duba abin da take yi a ciki. Ga wanda ke riƙe takardun mutane, ban ba da shawararta ba. Apache OpenOffice kuwa, magajiyar tsohuwar OpenOffice, tun 2014 take a siga ta 4.1, ka bar ta.

Ka lura da inda za ka sauke. Idan ka ɗauki OnlyOffice ta Flatpak, ɗaya daga cikin hanyoyin saka manhaja a Linux, karon farko sai ta jawo ƙarin kaya na ɗaruruwan megabait. Fayil ɗin deb, irin wanda ake saka manhaja da shi a Mint da Ubuntu, daga shafin OnlyOffice ya fi sauƙi ga mai sayen data da kuɗinsa.

Duk wadda ka zaɓa, ka shiga saitin madannai ka ƙara na Hausa, sannan ka buga ƙ, ɗ da ɓ, ka fitar da shafin a PDF ka gani. Idan haruffan nan uku suka fito daban da sauran, ka koma salon harafin Noto ko DejaVu.