Fidar yara masu tsagaggen leɓe: wata biyu ina amfani da ita

Na yi alkawarin zan faɗi yadda fidar nan, wato robar shayar da jariri, ta yi mana, to ga shi. Ɗiyata an haife ta da tsagar leɓe ta gefen hagu, har cikin ganɗa, wato rufin bakinta na sama a buɗe yake. Satin farko wallahi kuka kawai nake, ta kama nono ta yi ta ja har zufa ta tsatso mata a goshi amma ba abin da ke shiga, ɗan wanda ya shiga kuma sai ya dawo ta hanci. Sista ce ta zaunar da ni ta ce "Hajiya ba ƙin nono take ba, iska ke kuɓuce mata ta tsagar, shi ya sa ba ta iya zuƙa", ita ta sa munka nemo wannan fidar.

Robarta laushi gare ta, ke za ki riƙa matsawa a hankali daidai lokacin da take motsa baki, in ta tsaya don ta yi numfashi ke ma ki tsaya, kuma akwai wani ɗan faifai a wuyanta da ke hana nonon komawa baya. Nonona nake tatsa in zuba. Zaunar da ita nake a cinyata kanta a sama, ban kwantar da ita, ina tsayawa akai akai ta yi gyatsa don yara masu tsagar nan suna haɗiyar iska sosai. Da sai mu kai awa guda ta gaji ta yi barci da yunwa, yanzu cikin rabin awa ta ƙoshi. Ranar da anka ɗora ta a sikeli na ga ta ƙaru, Inna har guɗa ta yi.

Inda ban ji daɗi ba, tsada, kuma kemis nawa maigida ya zagaya cikin garin Sakkwato ba su ma san ta ba, daga Abuja anka aiko mana. Wankinta ma aiki ne, ɗan faifan nan in ya faɗi sai kin duƙa da tocila, ga zafin garin nan nono ba ya jimawa a ajiye.

Amma nauyin nan da ta ƙara shi muke nema, don likita sai ya ga yaro ya yi ƙwari kafin a yi aiki. Leɓe ana ɗinke shi wajen wata 3 zuwa 6, ganɗa kuma kusan shekara ɗaya, kafin ta fara magana. Ƙungiyar Smile Train na ɗaukar nauyin aikin kyauta a asibitoci da dama a Najeriya.

Masu ce mani wai na fita ranar husufin wata ko aljanu ne, don Allah ku bari. Tun watannin farko na ciki leɓen bai gama haɗewa ba, lokacin ni ko sanin ina da cikin ban yi ba. Wata mai zuwa za mu koma a sa mana rana in sha Allah, ku sa mu a addu'a.