Ƙwallo lamba 4 mai ɗinkin hannu: ta dace da ƙafar ɗan firamare?

Hukumar Lafiya ta Duniya na son yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 ya motsa jiki aƙalla minti 60 a kullum. Amma yaro ba don lissafin likita yake fita fili ba. Abin da ke jan shi shi ne abokai, da daɗin taɓa ƙwallo, da cin gola. Idan ƙwallon ta fi ƙarfin ƙafarsa, ya buga ba ta tashi, yatsu na zafi, kwana kaɗan zai koma gefe ya zama ɗan kallo. Shi ya sa muke ganin kuskure ne a miƙa wa 'yan shekara 8 zuwa 12 lamba 5 ta manya, mai nauyin giram 410 zuwa 450.

Lamba 4 nauyinta giram 350 zuwa 390 ne, kewayenta santimita 63.5 zuwa 66. Bambancin kamar ba yawa, amma a ƙafar yaro yana nunawa: fasin ya isa inda aka nufa, mai tsaron gida ya kama ba tsoro.

Irin da muke yabawa ita ce mai faifai 32 da aka ɗinka da hannu. Zarenta ya fi kauri, ɗinkin kuma ya nutse ciki, don haka ƙasa ba ta saurin cin sa kamar na inji. A duba abin da aka rubuta a jikinta: PU ko PVC, wato nau'in fatar roba da aka yi ta da shi. Fatar PU ta fi laushi, ta PVC ta fi tauri da jure fili mai tsakuwa, sai dai tana ƙara sandarewa lokacin sanyi. Robar ciki ma abin lura ce. Ta butyl na riƙe iska makonni, ta latex kuwa cikin 'yan kwanaki sai an sake hurawa, abin da makaranta mai famfo ɗaya ba za ta iya da shi ba.

Mai ɗinkin hannun tana da aibu. Ruwa na shiga ta ramukan ɗinki, ta yi nauyi a jiƙaƙƙen fili, kuma siminti na kankare fatar PU da wuri. Lalacewarta ma kan fara daga bakin iska, idan ana tura allurar famfo a bushe ko a karkace. A jiƙa allurar, a shigar da ita a miƙe, kada a wuce awon iskan da ke rubuce kusa da bakin. Cika ta fiye da kima na buɗe ɗinki, haka ma zama a kanta ko barin ta cikin rana.

Ga mai saya wa makaranta, gara guda huɗu matsakaita da ɗaya mai tsada. Yara 40 a bayan ƙwallo ɗaya, rabinsu ba za su taɓa ta ba har a tashi. A raba su biyar da biyar a ƙananan filaye huɗu, kowane fili da ƙwallonsa.